Jar Hular Don Eudoro

Akwai mazan da Allah Ya ba ƙarfi, akwai waɗanda Ya ba dukiya, akwai kuma waɗanda Ya ba baki kawai Ya sallame su. Don Eudoro Macías, mai shagon kayan injin jiragen kamun kifi a Punta Brava, yana cikin kashi na uku, kuma ba a yi masa rowa ba wajen rabon.

Matarsa, Doña Hermelinda Intriago, ta daɗe tana shugabantar makarantar 'yan mata kafin ta ajiye aiki. Rabin matan garin ta hannunta suka bi, har yau in ta gifta sai ka ga mai jikoki ta gyara tsayuwa. Ba ta taƙama da gwal, ba ta taƙama da gida. Abu guda take ji da shi: tun da take, ba a taɓa kama bakinta da maganar da ba haka take ba. In Doña Hermelinda ta ce an yi, to an yi.

Ita kuwa Gasar Uku, wadda ake yi kowace shekara a bakin tekun garin, iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutawa, ta yi farin jinin da masu son shiga suka ninka gurabe. Sai masu shiryawa suka buɗe ƙofa biyu. Wanda ya taɓa kammala irinta a wani gari cikin lokacin da aka ƙayyade, ya shiga kai tsaye, irinsu ake kira 'yan agogo. Sauran jama'a kuwa su ba da suna, na'ura ta zaɓi masu rabo, a aika wa kowa saƙo a wayarsa. Su ne 'yan ƙuri'a.

Babu wanda ya tsani ƙofa ta biyu kamar Don Eudoro. Kullum da safe, wurin mai kofi a bakin kasuwar kifi, huɗubarsa ɗaya ce.

"Ƙuri'a! Wai gasar maza ake shiga da ƙuri'a, sai ka ce rabon kaji a bikin coci! Mutum bai taɓa gudu ba sai in kare ya biyo shi, na'ura ta tashe shi daga barci ta ce shi gwani ne. Ni da nake raye?"

"To kai yaushe za ka shiga, Don Eudoro?" in ji mai kofi.

"Ranar da na shiga, agogo ne zai buɗe mini ƙofa."

Gaskiyar magana, wadda matarsa ba ta sani ba, ita ce shekara da shekaru yana ba da sunansa a ɓoye. Bana na'urar ta yi masa abin da bai zata ba, ta zaɓe shi. Ya shigo gida yana hura hanci, ya sanar cewa tafiyar nan da ya yi kudu bara, wadda aka ɗauka sarin kayan inji ya je, ashe gasa ya shiga, ya cika lokaci, bai faɗa ba ne saboda ba ya son fariya.

Doña Hermelinda ta sauke tabarau ta dube shi.

"Eudoro, kai ne ba ka son fariya?"

"Girma ya zo, Hermelinda. Mutum yakan canza."

"Ka dubi idona. Da agogo ka shiga?"

"Da agogo. In ƙarya nake, teku ta tofar da ni."

Mace ce mai ilimi, amma ba ta taɓa tunanin za a dubi idonta a shirga ƙarya ba, domin ko 'yan aji ɗaya ba su taɓa gwadawa ba. Ta yarda.

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, matan ƙungiyar cocin suka zauna a inuwar bishiyar almon. A nan maƙwabciyarta Doña Zoila Pinargote ta kawo nata labarin. Zoila ce ta riƙe wa Hermelinda 'ya ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre, suna kiran mazajen juna compadre, ko da yake kowacce ta san adadin tukwanen 'yar'uwarta da wadda ta fashe. Mijinta Don Fulgencio, mai gidan burodi, mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki.

"Fulgencio ya samu gurbi!" in ji Zoila. "Ƙuri'a ta faɗa masa."

"Barka, comadre," in ji Hermelinda cikin natsuwa. "Sa'a ma baiwa ce, musamman ga wanda ba shi da wata. Nawa mijin da agogo ya shiga."

Zoila ta ce, "Eudoro? Wanda ke hawa babur in zai sayo gishiri?"

"Shi. Kuma tunda na faɗa, na faɗa. Ranar gasa za a yi walima a gidana, dukanku ku zo. Babbar kujerar mahaifina, wadda ke gaban teburin cin abinci, ta namijin da ya ci ta da guminsa ce. Waɗanda sa'a ta ɗauko kuwa ba za a hana su abinci ba, ga benci nan."

Mata kusan talatin suka ji. Kafin la'asar garin duka ya ji. Maganar ta tashi daga ta Eudoro ta koma ta Doña Hermelinda, wadda ba a taɓa kamawa ba.

Sai aka shiga shiri. Don Eudoro ya ce gwanaye ba sa gwajin iyo a teku, domin abokan hamayya suna leƙen asiri. Ya kwanta rub-da-ciki a kan bencin tsakar gida yana jan iska da hannuwa, yana juya kai yana shaƙar numfashi da ƙara. Zoila ta leƙo ta katanga tana shanya.

"Compadre, ko a kira likita?"

"Iyo nake, comadre."

"To ka yi hankali da zurfi, wajen tukunyar furen nan akwai rami."

Ya sayo keken tsere siriri kamar tsinke, da takalmin da ke maƙalewa a feda. Ya aske gashin ƙafafunsa, ya sa wando mai kama jiki wanda Hermelinda ta ce ko a ɗaki bai dace da mai jika ba. Ya hau ya nufi kasuwar kifi don a gani. An kuwa gani. Da ya zo tsayawa gaban mai kofi, ya manta ƙafafunsa a ɗaure suke. Keken ya tsaya cak, ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta da shi a hankali cikin kwandon jatan lande.

"Wayyo kayana!" in ji mai kwandon. "Don Eudoro, in saye za ka yi ai sai ka tambayi farashi, ba ka shiga ciki ba!"

"Salon sauka ne," in ji shi daga ƙasa, keken na bisa kansa. "Haka ake yi a ƙasashen waje."

"To a ƙasashen wajen wa ke biyan kwando?"

Hermelinda ta ji labarin kafin ya iso gida. Zuciyarta ta ɗan sosu, amma ta tuna cewa ko doki mai ƙafa huɗu yana tuntuɓe. Shi kuwa Fulgencio kullum da sassafe ana ganinsa a bakin ruwa yana facal-facal, yana haki, yara na yi masa dariya, gobe ya sake dawowa.

Ana gobe gasa aka raba kaya. A nan Don Eudoro ya gamu da abin da bai sa a lissafi ba. 'Yan agogo jar hular iyo ake ba su, su ne ke fara faɗawa ruwa. 'Yan ƙuri'a kuwa fara ake ba su, su tashi a ƙarshe. Matar da ke rabo ta miƙo masa fara sol, mai ƙyalli kamar ƙwan da aka ɓare.

"'Yata, an yi kuskure. Ja za ki ba ni."

"Ba kuskure, Don Eudoro. Fara ce taka."

"Fari ba ya karɓata. Yana sa ni ciwon kai."

"Sai ka sha magani. Na gaba!"

Ya cusa hular cikin wando, ya bi wani saurayi mai jar hula yana lallashi ya sayar masa. Saurayin ya ce shekara uku yana zuba gumi kafin ya same ta, ko mahaifinsa ba zai ba aro ba. Ya zaga shagunan garin, babu jar hular roba ko ɗaya. Ya dawo gida yana tafe yana saƙa da warwara, sai hancinsa ya kai shi kicin.

Doña Hermelinda tana da wani jan mai da ake labari a duk Punta Brava. 'Ya'yan achiote take soyawa a mai har ya rine ja wur, ta jefa tafarnuwa da ɓawon lemo, abin da babu wata mace a garin da ke yi. Da shi take rina shinkafa, kuma ta cika kwalba guda saboda walimar gobe. Don Eudoro ya dubi kwalbar, ya dubi hular, ya ji a ransa cewa lallai mai basira ba ya rasa mafita.

Da safe Hermelinda ta tarar da kwalbar ta yi rabi. Ta zargi zafi, ta zargi murfi, ta zargi mai aiki a zuci ta kuma nemi gafara. Ba ta da lokacin bincike. Ta sa rigarta mai ruwan toka ta zuwa manyan taruka, ta ɗauki laima, ta jagoranci matan ƙungiya zuwa bakin teku, suka kama wuri a gaba.

Ga jama'a maƙil, ga kiɗa, ga mai sanarwa yana ta ɓaɓatu a lasifika. Can cikin sahun farko, tsakanin samari da 'yan mata masu jiki kamar an sassaƙa, ga Don Eudoro da jar hula yana miƙa. Mai tsaron shinge launi kawai ya duba ya bar shi ya wuce.

Hermelinda ta nuna da laima. "Ga shi can, comadre. Kin ga launin hular? Naki yana ina?"

"Yana baya cikin farare," in ji Zoila, ta ƙanƙance ido. "Amma jan compadre ya bambanta da na sauran. Kamar ya fi maiƙo."

"Na manyan gwanaye ne," in ji Hermelinda, domin haka ya gaya mata.

Rana ta ɗaga. Mai dai ba ya jure zafi. Wani jan layi ya gangaro ta bayan kunnen Don Eudoro, wani ya biyo ta goshi. Ƙudaje suka fara kawo gaisuwa. Wani karen bakin teku ya ratso shinge ya zauna gabansa yana kallonsa da ladabi, yana lasar baki. Yarinyar da ke kusa da shi ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya zo da shinkafa?"

Aka busa ƙaho.

Ba Don Eudoro ne ya shiga teku ba, teku aka shigar da shi. Sahun ya kwashe shi kamar yayi, wannan ya taka, wancan ya ture, wata ta bi ta kansa ta wuce ba ko sannu. Duk abin da ya koya a kan benci ya bar shi a kan benci. Ya shiga dukan ruwa da hannu bibbiyu yana kurɓa yana tofarwa. Jan mai kuwa ya saki hula, ya bazu a kan ruwa ya yi masa kewaye.

Wata mata ta ƙwalla ihu, "Jini! Jini a ruwa!"

Wani ya karɓe, "Kifin nan mai cin mutane ne! Ya kama mutum!"

Nan take bakin teku ya hargitse. Mai sanarwa ya ce a dakatar da sahu na biyu. Uwaye suka janye 'ya'yansu har bakin titi, mai sayar da ruwan kwakwa ya haye amalankensa, Fada, limamin coci, ya fara addu'a. Doña Hermelinda ta riƙe hannun Zoila, abin da ba ta yi ba tun ranar baftisma.

Masu ceto biyu suka ruga. Na farkon ya isa wurinsa da tafiya, ba da iyo ba, ya tsaya a kansa.

"Don Eudoro, miƙe tsaye."

"Ina nutsewa! Ku cece ni!"

"Na ce ka miƙe. Ruwan iya cibiya ne."

Duk da haka, ganin jan da ya rufe masa fuska, suka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya suka fito da shi. Da mai hankali ne, da ya rufe ido ya yi shiru. Amma ya ji ana ta ambaton kifi, ya ga jama'a sun yi masa zobe, sai bakin nan nasa ya ga kasuwa ta buɗe.

"Ina kan gaba ya tare ni," in ji shi da muryar mai barin wasiyya. "Tsawonsa ya kai kwalekwale. Na ce ko ni ko shi, ba zan bari ya taɓa yaran nan ba. Na naushe shi a hanci. Hermelinda, kada ki yi kuka."

Likitar gasar, Dakta Mariuxi, tsohuwar ɗalibar Hermelinda ce. Ta durƙusa da auduga tana share goshin tana neman rauni. Ta share nan, babu. Ta share can, babu. Ta kai audugar kan hular ta goga sau ɗaya, sai ga fari ya bayyana. Ta sake gogawa. Kafin ta ƙare, rabin hular ya fito fari tas a gaban duk Punta Brava.

Zoila ta sunkuya, ta lakato jan da yatsa, ta kai hanci. Ta ɗanɗana. Ta miƙe a hankali kamar wadda aka yi wa albishir.

"Tafarnuwa," in ji ta. "Da ɓawon lemo. Comadre, mace ɗaya ce a garin nan ke sa ɓawon lemo."

Wani daga baya ya ce, "Ashe kifin ma ɗan walima ne, ƙanshi ya biyo!"

Dariyar da ta tashi har masu iyo a can nesa sai da suka waiwayo. Mai sanarwa, wanda bai san an bar lasifika a buɗe ba, ya tambayi na kusa da shi, "Wai ɗan ƙuri'a ne ya shafa miya?" Karen nan kuwa ya samu shiga, ya cika burinsa a kan kunnen Don Eudoro.

Idanun matan ƙungiya duka suka koma kan Doña Hermelinda. Ta san abin da ke ransu: ko dai an yaudare ta, ko da ita aka dafa. Don Eudoro ya ɗago kai ya raɗa, "Hermelinda, ki ce musu kuskuren masu rabo ne."

Ta naɗe laimarta tsaf. Ta yi magana da muryar da take tsayar da taron makaranta.

"Man nawa ne, ba na musu, kuma kun ji da bakin comadre cewa ya yi daɗi. Kan da aka shafa wa ba nawa ba ne. Na gaya muku mijina da agogo ya shiga. Ba haka ba ne, kuma wannan ne karo na farko da bakina ya ɗauko kayan wani bai kwance ya duba ba. Na janye wannan maganar a gabanku. Sauran maganata kuwa tana nan. Walima da ƙarfe biyu."

Ta juya ta tafi, jama'a na darewa.

Aka ci gaba da gasa. Farare suka faɗa ruwa, Don Fulgencio a cikinsu. Ya fito daga teku kusan na ƙarshe, ya hau tsohon kekensa na kai burodi, ya yi gudun da tafiya ta fi shi sauri. Ana shirin kwance tutoci ya iso, jiƙe sharkaf, fuska kamar gauta ja, amma da ƙafafunsa ya tsallake layin. Iya ruwa dai fid da kai.

Da rana tsakar gidan Hermelinda ya cika. Ga miyar kifi da gyaɗa, ga soyayyar agade, ga shinkafa wadda launinta bai kai na kullum ba, kuma babu wanda ya tambayi dalili. Don Eudoro ya fito ya yi wanka har sau uku, amma achiote ba ya sakin fata da wuri, fuskarsa tana nan ruwan lemo har cikin kunne. Ya doshi babbar kujera cikin sanɗa.

"Dakata," in ji Hermelinda. "Na ce kujerar mahaifina ta namijin da ya ci ta da guminsa ce. Compadre Fulgencio, zo ka zauna."

"Ni, comadre? Ai ni ɗan ƙuri'a ne."

"Ƙuri'a ta kai ka bakin ruwa. Ba ita ta fito da kai ba. Zauna."

Ya zauna, kujerar ta yi ƙara ta haƙura. Zoila ta ja farantin agade. Baƙi suka cika benci. Kujera ɗaya tak ta rage, ƙaramar nan ta kusa da ƙofar kicin, kuma mutum biyu ke tsaye: mai ceton da ya ce a miƙe, da maigidan.

Don Eudoro ya dubi kujerar, ya dubi saurayin, ya matso kusa da matarsa da farantinsa a hannu.

"Hermelinda," ya ce ƙasa-ƙasa, "mu biyu ne, kujera ɗaya. A yi mana ƙuri'a mana. Ina da sa'a a wannan fannin."

Ta zuba wa mai ceton miya, ta nuna masa kujerar da ludayi, ko kallon mijin ba ta yi ba.

"A gidan nan da agogo ake shiga, Eudoro. Ya riga ka isowa."